Sojan Asabar a Sararin Gana

Tun ranar da na sauka a tashar Ikara da jaka a kafaɗa ba ku bar ni na sha ruwa ba. A teburin mai shayi tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, a waya kuwa har caji ya daina zama. "Nasiru, da gaske ka tuƙa jirgin?" "Da gaske Haladu ya kwana a hannun jandarmomi?" Wani ma, kuma na san ko wane ne, yana yawo da cewa na yi kuka a sama. Ƙarya yake yi. Amai na yi, shi ma sau ɗaya. To ga labarin daga farko, wanda ya sake tare ni a hanya zan miƙa masa wannan ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan Kurmin Kogi ne, ɗan gidan malamai, ina aji uku a jami'a ina karanta labarin ƙasa. Tun ajin farko na shiga rundunar ɗalibai 'yan ko-ta-kwana. Litinin zuwa Juma'a muna aji kamar kowa, Asabar fareti tun da sanyin safiya, in an yi hutu a kwashe mu zuwa bariki a gasa mana aya a hannu. Ku ne kuka sa mana suna sojan Asabar, kuma na yafe muku. Ni ba don kaki na shiga ba. Tun ina ƙarami in jiragen koyo suka gifta ta saman gonarmu nake sakin fartanya in bi su da ido, na ce ko ta wace ƙofa ce sai na shiga ɗayansu.

Bana ƙofar ta buɗe. Aka gayyaci 'yan ko-ta-kwana na jami'o'in ƙasashe maƙwabta zuwa horon mako uku a Gana. A ƙarshe wani tsohon matuƙi zai zaɓi mutum biyu ya ba su takardar shaida, wadda da ita ake shiga makarantar matuƙa. Shekaruna kuwa sun zo gargara, in bana ta wuce ni, baɗi na haura iyakar da suka yanka. Da na kai wa Malam maganar, wato mahaifina, ya daɗe yana jan casbi kafin ya ce, "Je ka. In ka samo takardar na sa maka albarka. In ba ka samo ba, ka ajiye zancen jirgi, ka gama karatunka ka dawo ka karɓi makarantar zaure." Na ce na yarda, ko ɗar ban ji ba, don ni a raina takardar tana cikin aljihuna.

Ranar tafiya na yi asuba a masallacin ƙofar gida, a sahun baya inda na saba tsayawa. Malam ne liman. A raka'a ta biyu ya tsallake aya ɗaya, ƙanensa Baffa Iro, wanda ke tsayawa daidai bayansa tun kafin a haife ni, ya karanto masa, Malam ya koma ya gyara. Ni ma na ji gurbin, don na yi hadda, amma ban taɓa buɗe baki a bayan Malam ba, kuma ban ga ranar da zan buɗe ba. Na shiga gida Inna ta cika mini jaka da dambun nama da ƙuli-ƙuli da gwangwanin yaji, tana ta nanata cewa an ce mata mutanen can ba su san tuwo ba.

Mu takwas muka tashi daga Zariya, Saje Bitrus ne jagoranmu. Mutumin kudancin Kaduna ne, Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi, kuma bai iya magana a hankali ba. Umarninsa ɗaya ne: "Kaki a ƙasan jaka, kowa ya sa kayan gida. Ƙasashen mutane za mu ratsa, kada in ga ko igiyar takalmin but a jikin wani." Abokin zamana a bas shi ne Haladu ɗan Gazara, wanda kuka sani, mai cin abinci kamar an aiko shi. Kafin mu kai Lokoja ya ga bayan dambuna. Hanyar Legas ba sai na faɗa muku ba, doguwa ce har ƙafa ta kumbura. Wani mai tallar magani ya shigo ya tsaya a kanmu fiye da awa guda, maganinsa ɗaya yana warkar da basir da ciwon haƙori da rashin sa'a. Haladu ya tambaye shi ko yana hana jiri a jirgi, ya rantse yana hanawa.

Iyakar farko muka wuce lafiya lau, aka duba katin rigakafi aka buga mana hatimi. A iyakar Benin da Togo ne Haladu ya jawo mana. Ashe takalminsa ya tsinke a Kwatano, sai ya zaro but ɗin soja ya sa a ƙarƙashin kaftani, wai ba wanda zai kalli ƙafa. Jandarman farko da muka tarar kuwa ƙafa ya fara kallo. Ya ce a buɗe jaka. Ga kaki, ga bel, ga gorar ruwa. Aka buɗe sauran jakunkuna bakwai, duk haka. Ku kwatanta da kanku, samari takwas baƙi da kayan soja a ɓoye. Aka jera mu a benci. Saje ya fito da takardar gayyata yana ta bayani da Turanci, su kuma suna mayar masa da Faransanci, kowa na ɗaga murya. Can wani jandarma ya ci karo da gwangwanin Inna, ya buɗe, ya kai hanci. Wayyo! Atishawa ya dinga yi har hularsa ta faɗi, ni kuwa na ciji leɓe don na san in na yi dariya mun kaɗe.

Wani Alhaji mai fataucin albasa daga Nijar ne ya cece mu. Ya zo wucewa ya ji Haladu yana salati da Hausa, ya tsaya ya yi mana tafinta. Ya karanta musu takardar, ya kuma lakaci yajin ya sa a baki don su ga ba hodar bindiga ba ce. Suka buga waya, suka sake mu da fara'a, har wanda ya yi atishawar ya roƙi a ɗiba masa kaɗan. Awa uku muka yi, ba kwana ba. Daga nan har Akra Saje bai yi wa Haladu magana ba, sai dai ya juyo ya kalli but ɗin ya yi tsaki.

A Akra muka sauka a unguwar Zango, gidan wata Hajiya Memuna wadda kakanta ya zo daga ƙasar Kano fataucin goro bai koma ba. Hausarsu ta sha bamban da tamu, amma ana fahimtar juna. Ta kawo mana shinkafa da wake a ganye, an ɗora taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji mai ƙamshin kifi. Wannan kam na ba su. Amma da aka kawo dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, Haladu ya gutsura ya raɗa mini cewa tuwon ya kwana uku ba a ɗumama ba. Duk da haka huɗu ya ci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yara ke kallon manya ido cikin ido suna ba su amsa. Da na durƙusa ina gaida Hajiya, kaina a ƙasa kamar yadda aka koya mana, sai ta ce, "Kai wannan yaro, ina maka magana kana kallon ƙasa, wani abu ka ɗauka mini?" Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Da na san gargaɗi ne da na riƙe shi.

Kashegari a hanyar sansani muka ga abin da har yau in na faɗa ake cewa na ƙara gishiri. A bakin titi kusa da teku akwai rumfar kafintoci, an jera katon kifi na katako, da mota, da kwalbar lemo, da barkono ja, duk an sha fenti. Na ɗauka kayan wasan yara ne. Direbanmu ya ce akwatunan gawa ne, masunci a binne shi a kifi, direba a mota. Mu da yadi biyar na fari ya ishe mu, makara ɗaya kuma ta ishi unguwa! Sai ga wani a ƙarshen layi, jirgin sama ne fari da fukafukai har da tagogi. Haladu ya dafa ni ya ce, "Nasiru, barka, ga naka an riga an ƙera." Na ce bakinsa ya sari ɗanyen kashi.

Sansanin yana gefen wani kogi, filin saukar ciyawa ce, jirage biyu ƙanana masu kujera biyu, fukafukansu a ƙasa kamar kaza ta baje. Mu talatin ne daga ƙasashe huɗu. Gudu da fareti ba su dame ni ba, Asabar ɗin da kuke raina mana ta yi rana. Wanda zai zaɓa shi ne Kyaftin Ofori, gajeren tsoho, kansa fari fat, ya girmi Malam nesa ba kusa ba. An ce ya shekara arba'in yana tuƙi. Ranar farko ya raba mana jerin dubawa, wato layukan abubuwan da matuƙi zai duba yana faɗa da ƙarfi kafin ya tashi da kafin ya sauka. Ya ba mu mako guda mu haddace. Mako guda! Ni da na wanke allo tun ina shekara biyar? Kwana biyu na yi na kawo masa daga sama har ƙasa, na kuma ce in yana so in karanto daga ƙasa zuwa sama. Ya kalle ni ta saman tabarau ya wuce kan na gaba.

Tashin farko shi ne na aman, kuma iska ce ta yi yawa ranar, kowa ya shaida. Haladu da ya sha maganin mutumin bas sai da aka riƙo shi aka sauko da shi. Daga ranar ya ce shi da sama sai dai kallo, ya koma wurin makanikai, kuma wallahi can ya dace, kafin mu taho suna kiransa da sunansa. Ni kuwa a tashi na biyu da na uku hannuna ya zauna. Kyaftin ya sakar mini sandar tuƙi na juya jirgin bisa kogi, na ga masunta kamar tururuwa. Na ce a raina, Kurmin Kogi, ku shirya tarba.

A mako na biyu na yi abin da ya kusa kashe ni da baƙin ciki. Muna zagaya jirgi kafin tashi, Kyaftin ya buɗe murfin tankin mai na fiffiken dama, ya leƙa, ya ɗora murfin bai murɗa ba, ya wuce. Na gani da idona. Bakina ya buɗe ya rufe. Na ce mutumin da ya shekara arba'in a sama ni zan koya wa rufe tanki? Wataƙila irin wannan murfin haka ake barinsa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Muka shiga, ya tada inji, muka gangara har bakin fili. Sai ya taka birki ya kashe injin. Ya fita, ya murɗa murfin, ya dawo ya zauna.

Da Turanci ya tambaye ni, a hankali, "Ka gani?"

Na ce, "Na gani, yallaɓai."

"Me ya hana ka magana?"

Kaina a ƙasa na ce, "Yallaɓai, a wurinmu yaro ba ya gyara wa babba."

"Ɗago ka kalle ni." Na ɗago da ƙyar. Ya ce, "Da ba ka gani ba, da na koya maka gani. Amma ka gani ka yi shiru, wannan ban san maganinsa ba. Kun biyo ta wurin kafintocin nan na bakin teku? To irin ladabinka ne yake kawo musu ciniki. Sauka. Saura maka tashi ɗaya."

Na sauka. Raina ya ɓaci, kuma ba da shi ba, da kaina. Na fi kowa hadda, na fi kowa hannu, ga shi tarbiyyar da nake taƙama da ita za ta mayar da ni zaure. Saje Bitrus ya same ni a gindin bishiya na ƙi cin abinci, ya ce, "Kai ɗan malam, a fareti muryarka har Makarfi ake ji, a jirgi kuma ka zama amarya? Tashi ka ci abinci." Na ci, amma ban ji ɗanɗanonsa ba.

Ranar tashin ƙarshe na zagaya jirgin nan kamar mai neman allura. Na murɗa kowane murfi da hannuna, na leƙa taya, na girgiza fiffike, ina jiran tarkon da zai ɗana mini. Babu. Muka tashi, na yi duk juyin da ya ce, ya gyaɗa kai sau biyu. Muka daɗe a sama fiye da kullum, don yana ta ba ni labarin wani hadari da ya taɓa ratsawa yana saurayi. Da muka juyo za mu sauka ya karɓi tuƙi, ya fara karanto jerin sauka da ƙarfi, da wata irin murya mai rauji kamar mai tilawa. Birki. Bel. Ƙofa. Fitila.

Kunnena ya ji gurbi. Tsakanin birki da bel akwai layi, kuma bai faɗe shi ba: a juya mai zuwa tankin da ya fi cika. Na kalli agogon mai. Allurar tankin hagu, wanda muke sha tun tashinmu, ta kwanta a kan ja. Ga fili yana tasowa, ga bishiyoyin bakin kogi a ƙarƙashinmu. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma san na buɗe baki ba, sai ji na yi na daka tsawa:

"Subhanallah!"

Ya juyo a firgice. Na kalle shi tsakiyar ido na ce, "Mai, yallaɓai! Ka tsallake mai! Tankin hagu ya ƙare!" Kafin in rufe baki injin ya yi tari sau ɗaya. Hannunsa ya kai kan makunnin ya juya shi dama. Injin ya sake tari, ya kama, ya ci gaba da ruri. Muka sauka lafiya, tayoyi suka taɓa ciyawa, ni kuwa rigata ta jiƙe sharkaf.

Da ya kashe inji ya daɗe bai fita ba. Ya ce, "Wace kalma ce ka faɗa da farko?" Na yi masa bayani cewa a sallarmu in liman ya yi rafkanuwa, na bayansa yakan faɗi haka don ya tuna, in ya tsallake aya a karanto masa, ko da liman ya haifi mai gyaran. Ya ce, "Ashe kuna da shi a gida, ka zo nan kana ce mini ba a gyara wa babba?" Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Na murfin tanki gwaji ne. Wannan ba gwaji ba ne. Surutu ya ɗauke ni, na manta."

Ranar rufe sansani aka kira suna biyu, wata yarinya 'yar Gana mai kai kamar kwamfuta, da ni. Haladu ya yi ihu har Saje ya harare shi, sannan shi ma Sajen ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara. Dawowa ba abin labari, sai dai a iyakar Togo Haladu silifa ya sa, kuma jandarman nan ya gane mu, ya tambaya ko akwai sauran yaji.

Na iso gida bayan la'asar. Na sami Malam a zaure, na durƙusa na miƙa masa takardar. Ya juya ta, ya ajiye a kan buzu, ya ce in ba shi labari. Na ba shi duka, har da murfin tanki, ban ɓoye komai ba. Baffa Iro yana gefe yana ta "ikon Allah". Har aka kira magariba, albarkar da Malam ya yi alkawari ban ji ta ba.

Aka tada iƙama na nufi wurina a sahun baya. Malam ya riga ya tsaya a gaba, sai ya waiwayo yana neman wani da ido.

"Nasiru. Matso nan."

Baffa Iro ya matsa gefe ɗaya, ya bar gurbin da yake tsayawa shekara da shekaru, daidai bayan liman. Mutane suka buɗa mini na ratsa sahu biyu. Malam ya ce, yadda na kusa kawai za su ji, "Allah ya yi maka albarka, ka je ka hau jirginka. Amma kafin ka tafi nan ne wurinka. Baffanka kunnensa ya fara nauyi, ni kuma na fara mantuwa. In ka ji na tsallake, kada ka yi mini irin ta murfin tanki."

Ya juya ya ɗaga hannu ya yi kabbara. Na ratsa iyaka uku, na ji inji ya yi tari a saman kogi, duk ba abin da ya ratsa ni kamar tsayuwa a wannan sahun. Wanda ke yaɗa cewa na yi kuka, to ya gyara labarinsa: ba a sama ba ne, a nan ne.